Masu Yanka Labari a Gaɓa: Yadda Littafin Zane Ke Zama Fim Kashi Biyu

A watan Oktoban 2014, cikin mako biyu, manyan kamfanonin fim guda biyu na Amurka suka yi wa masu kallo alkawari iri ɗaya. Warner Bros., mai riƙe da jaruman DC irin su Superman da Batman, ya ce zai fitar da Justice League kashi biyu, na ɗaya a 2017, na biyu a 2019. Marvel Studios ya bi sahu, ya tara jama'a a gidan silima na El Capitan da ke Los Angeles, ya ce shi ma Avengers: Infinity War kashi biyu zai zo, a 2018 da 2019. Marvel ya cika alkawarinsa, finafinan biyu suka tara sama da dala biliyan 4.8 a gidajen kallo. Na Warner kuwa kashi na ɗaya ya fito, ciniki bai kai inda aka sa rai ba, na biyun har yau ba a kunna masa kyamara ba. Jari duk suna da shi, jarumai duk sanannu ne. Dalilan da suka raba su suna da yawa, amma babba daga ciki aikin hannu ne, aikin dubban mutanen da sunayensu ke hawa allo a ƙarshen fim. Masu kallon Marvel sun saba zama har sunayen su ƙare saboda ɗan guntun sin ɗin da ake ɓoyewa a bayansu, sai dai ba kowa ke karanta sunayen ba.

Ɗanyen kayan wannan sana'a takarda ce da tawada. Littafin zane na Amurka ɗan siriri ne, shafi 20 zuwa 22 na labari, yana fitowa wata-wata, a yanzu ana sayar da shi dala 4 ko 5. Hannu biyar ko shida ke bi ta kansa kafin ya isa shago. Marubuci ya tsara abin da zai faru a kowane shafi. Mai fensir ya zauna gaban tebur mai karkata, ya raba farar takarda gida-gida, ya zana mutum da gini da hayaƙi. Gwani a cikinsu shafi ɗaya yake kammalawa a yini, in kuwa shafin na yaƙi ne mai ɗauke da mutum talatin, sai ya kai shi tsakar dare. Mai tawada ya bi layin fensir da buroshi ko alƙalami, shi ke yanke inda duhu zai zauna da inda haske zai faɗo. Sai mai launi, sai mai rubuta magana a cikin 'yan da'irorin da ke saman kan jarumai, edita kuma yana tsaye a kansu yana tuna musu ranar da injin ɗab'i ke jira. Da shafi ake biyan kowa, kuma a Marvel da DC ƙa'idar tun fil azal ita ce, duk abin da ka ƙirƙira a bakin aikinsu na kamfani ne, ba naka ba.

Wannan ƙa'ida ta daɗe tana cin masu basira. A 1938 wasu samari biyu daga Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka miƙa labarin Superman na farko mai shafi 13 aka ba su dala 130, haƙƙin mallakar jarumin ya tafi tare da shafukan. Sai a 1975, ana shirin babban fim ɗinsa, surutun abokan sana'a ya sa kamfanin ya yanka musu dala 20,000 kowannensu a shekara, ya kuma mayar da sunayensu jikin aikin. Jack Kirby, wanda ya ƙirƙiri Captain America tare da Joe Simon, daga baya kuma ya zana Hulk da Thor da X-Men da Black Panther tare da Stan Lee, ya rasu a 1994 ba tare da ya mallaki ko ɗaya ba. 'Ya'yansa ne suka sasanta da Marvel a 2014, shari'a na gab da Kotun Ƙoli.

Wanda bai san aikin ba zai ce ai an gama rabin wahala, tunda ga labari ga hotuna, sai a ɗora kyamara kawai. Ba haka abin yake ba. Littafin zane yana rayuwa ne a cikin ɗan farin layin da ke raba gida da gida: a wannan gidan jarumi ya ɗaga hannu, a na gaba bos yana ƙasa, mai karatu ne ya cike dukan da zuciyarsa. Fim ba ya da wannan rangwamen, dole a nuna hannun yana tafiya, a ji ƙarar saukarsa. Mai fensir zai zana rundunar mayaƙa dubu da tawadar da ba ta kai dala ɗaya ba, a fim kuwa wannan shafi ɗaya zai iya cin miliyoyi. Tunanin jarumi da ake rubutawa a saman kansa, a fim dole a nemo masa wata hanya, ko a fuskar ɗan wasa ko a bakin abokin tafiyarsa. Ko sutura ma sai an sake ta. Rigar Wolverine rawaya ce da shuɗi a littafi, amma masu X-Men na 2000 sun ji tsoron ta zama abin dariya a jikin mutum, suka sa masa baƙar fata. Sai a 2024 Hugh Jackman ya sa rawayar. Ga kuma tarin shekaru: Avengers tun 1963 ake buga shi, marubuta da yawa sun wuce ta kansa, wani ya kashe jarumi wani ya tashe shi. Mai mayar da wannan tarin zuwa fim yana da sa'a biyu da rabi, kuma a sikirif shafi ɗaya minti ɗaya ne a allo.

Kafin ma a kai ga marubuci, sai lauyoyi sun faɗi wane jarumi ne za a iya taɓawa. Marvel ya faɗi warwas a ƙarshen 1996, har ya nemi kotu ta kare shi daga masu binsa bashi, kuma a waɗannan shekarun ya rarraba haƙƙin yin fim ga masu kuɗi: X-Men da Fantastic Four suna hannun Fox, Spider-Man ya tafi Sony. Da ya ga wasu na kwasar riba da 'ya'yansa, sai a 2005 ya ciyo bashin dala miliyan 525 daga Merrill Lynch, ya jinginar da haƙƙin wasu jaruman da suka rage masa, ya shiga yin fim da kansa. Iron Man na 2008 ya fitar da shi kunya, a 2009 Disney ya saye kamfanin a kan kimanin dala biliyan 4. Amma waɗanda aka sayar tun farko ba su dawo nan take ba, kuma wannan ya shafi alƙalamin marubuta kai tsaye.

Christopher Markus da Stephen McFeely su ne aka ɗora wa rubuta finafinan Avengers biyun. Abokan aiki ne da suka daɗe tare, su suka rubuta finafinan Captain America guda uku na farko. Tushen da suka fi dogara da shi The Infinity Gauntlet ne, jerin littattafai shida na 1991 da Jim Starlin ya rubuta, George Pérez da Ron Lim suka zana. Starlin ɗin shi ya ƙirƙiri Thanos tun 1973. Labarin a taƙaice: Thanos ya tara duwatsu shida masu ikon sarrafa halitta, ya jera su a safar hannu ta ƙarfe, ya kaɗa yatsa, rabin masu rai suka ɓace.

In aka ajiye littafin kusa da fim ɗin, sai a ga hannun masu sana'a ƙarara. A littafi, Silver Surfer ne ke faɗowa ta rufin gidan Doctor Strange yana kawo labarin cewa Thanos na tafe. A lokacin rubuta fim ɗin Silver Surfer yana hannun Fox, don haka aka bar rufin da faɗowar yadda suke, aka sa Hulk a madadinsa, aka kuma samu riba, domin mai kallo ya riga ya san ƙarfin Hulk, ganin an jefo shi a firgice ya isa ya gaya masa girman abin da ke zuwa. A littafi, Adam Warlock ne ke jagorantar yaƙin, mutumin da masu kallo ba su taɓa gani ba a lokacin, sai aka cire shi aka raba aikinsa ga waɗanda aka sani. Babban canjin kuwa shi ne dalilin Thanos. A littafi, Mutuwa mace ce mai siffa, shi kuma yana neman soyayyarta, kisan rabin halitta toshi ne yake kai mata. Marubutan sun ga cewa shigo da wannan a fim na goma sha tara na jerin zai buƙaci bayanin da babu lokacinsa, suka ba shi wani dalili: yana ganin bakuna sun fi abinci yawa, yana ɗaukar kansa mai ceto. Na fi son na littafin, don ya fi ban tsoro kuma ya fi gaskiya game da yadda son zuciya ke kai mutum. Amma na yarda na fim ɗin ya fi dacewa da allo, domin ya ba bos hujjar da zai iya faɗa da bakinsa cikin natsuwa, mai kallo ya ƙi shi amma ya saurara.

Sai maganar inda wuƙa za ta faɗa, wadda ita ce zuciyar sana'ar. Mahauci gwani ba ya sara ƙashi a tsakiya, lalube yake da yatsa har ya samu gaɓa, can wuƙa ke wucewa ba tare da ta ɓata nama ba. A littafin Starlin, kaɗa yatsan yana faruwa ne tun a littafi na farko, sauran biyar ɗin yaƙin mayar da abin da ya ɓace ne. Markus da McFeely suka ɗauke shi daga farko suka kai shi ƙarshen kashi na ɗaya, sannan suka gina fim ɗin gaba ɗaya a matsayin labarin Thanos. Shi ne mai buri, shi ke bin duwatsu ɗaya bayan ɗaya, shi ke sadaukar da 'yarsa Gamora, shi ke cin nasara, fim ya rufe yana zaune a ƙofar bukka ya huta. Wanda ya biya kuɗin tikiti ya samu labari mai farko da tsakiya da ƙarshe, ko da yake ƙarshen mai ɗaci ne. Kashi na biyu kuma bai ɗora daga inda aka tsaya kamar an danna maɓallin ci gaba ba. Cikin mintuna ashirin na farko an kashe Thanos, ba ta kuma gyara komai ba, sai aka tsallake shekara biyar zuwa duniyar da ke zaman makoki. Launinsa daban, tafiyarsa daban. Shi ya sa tun 2016 kamfanin ya cire "kashi na ɗaya" da "kashi na biyu" daga sunayen, na biyun ya zama Avengers: Endgame.

Raba fim biyu ba a kan Marvel aka fara ba, kuma farkonsa bai yi tsabta ba. Furodusoshi Alexander Salkind da ɗansa Ilya sun ɗauki The Three Musketeers a matsayin fim ɗaya, da suka ga hotuna sun yi yawa sai suka raba shi, na ɗaya ya fito a 1973, na biyu a 1974. 'Yan wasan da aka biya kuɗin fim ɗaya suka ga an sayar da guminsu sau biyu, rigima ta tashi, daga nan ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta sa sharaɗi a kwantiragi cewa dole a faɗi fim nawa ake ɗauka. Har yau da sunan Salkind ake kiran sharaɗin. Su dai ɗin ne suka ɗauki Superman na 1978 tare da na biyunsa a lokaci guda, suka ɓata da darakta Richard Donner bayan ya ɗauki mafi yawan na biyun, Richard Lester ya ƙarasa.

Abin ya zama yayi ne bayan Harry Potter. Littafi na bakwai ya haura shafi 600, aka raba shi biyu a 2010 da 2011, aka tara wajen dala biliyan 2.3. Daga nan kowane mai jari ya ga hanya. Twilight ya bi, The Hunger Games ya bi, The Hobbit da yake ɗan littafi mai shafi 300 aka ja shi har fim uku. Masu kallo ba su daɗe ba suka gane bambanci. Kashi na ɗaya na Mockingjay, rufewar The Hunger Games, shiri ne kawai na yaƙin da ba a gani ba, kuma cinikin na biyun ya kasa na ɗaya, abin da ba a saba gani ba a rufewar labari. Divergent ya fi kowa shan kashi: Allegiant ya faɗi a 2016, rabin da ya rage ba a taɓa ɗaukarsa ba, waɗanda suka biya kuɗin rabin farko aka bar su a hanya. A ganina wannan cin amanar mai saye ne, ko da ba da niyya aka yi ba. Wanda ya ga yadda S. S. Rajamouli ya yi da Baahubali ya san akwai hanyar kirki: fim na 2015 ya kammala labarin ɗan da ya ceto mahaifiyarsa daga sarƙa, sannan ya buɗe tambayar dalilin da ya sa amintaccen bawa Kattappa ya kashe ubangidansa, mutane suka riƙe ta shekara biyu da daɗin rai.

Mu a nan ba baƙin abin ba ne. Marubutan littattafan Hausa na Kano sun daɗe suna fitar da littafi na ɗaya da na biyu da na uku, wani lokaci don kuɗin ɗab'in na biyu daga cinikin na ɗaya zai fito. Da finafinan kaset suka zo, wasunsu ma daga littattafan aka ɗauko su, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suka riƙa sayar da fim na ɗaya da na biyu, daga baya na uku da na huɗu. Duk wanda ya sayi faifai a wancan zamani ya san fim ɗin da labarinsa ya cika kashi biyu, ya kuma san wanda aka cika da waƙa da tafiyar mota don a kai shi.

Ta fuskar kuɗi, hikimar ɗaukar biyu a jere a bayyane take. Gini ɗaya za a yi, sutura ɗaya za a ɗinka, ma'aikata sau ɗaya za a ɗauka. Abin da ya fi wuya shi ne tara manyan 'yan wasa sama da talatin, kowa da wasu finafinan da ke jiransa, don haka in an same su gara a gama da su. An fara ɗaukar Infinity War a Janairun 2017 a sutudiyon Pinewood da ke kusa da Atlanta a jihar Jojiya, ƙarƙashin daraktoci 'yan uwan juna Anthony da Joe Russo, an leƙa Edinburgh ta Sikotland, aka rufe kyamarar Endgame a Janairun 2018. Da farko an so a gauraya su, yau sin na wannan gobe na wancan, sai aka ga kan ma'aikata zai ɗaure, aka koma ɗaya bayan ɗaya. Jojiya kuwa ba don kyan gari aka zaɓe ta ba: jihar tana mayar wa kamfanin fim har kashi 30 cikin ɗari na abin da ya kashe a cikinta ta hanyar rangwamen haraji. A kan wannan rangwame dubban kafintoci da masu fenti da maɗinka da masu lantarki da direbobi da masu dafa abinci suka gina rayuwarsu. Yininsu sa'a goma sha biyu ne, sau da yawa ya wuce, kuma in fim ya ƙare aiki ya ƙare sai wani ya zo.

A cikin sutudiyon, abin da ido ke gani bai yi kama da abin da zai fito ba. Ga Josh Brolin, mai fitowa a Thanos, sanye da matsattsiyar riga mai alamomi, fuskarsa cike da ɗige-ɗigen baƙin alƙalami, a kansa hula mai sanda da ke riƙe da ƙananan kyamarori daf da hancinsa suna ɗaukar motsin kowace tsoka. Tunda Thanos ya kai ƙafa takwas, akan kafa hoton kansa a sanda sama da kan Brolin don abokin wasansa ya san inda zai kalla. Bayansu koren labule ne daga sama har ƙasa. A cikin wannan yanayi ake so mutum ya yi kukan rabuwa da 'yarsa har mai kallo ya ji a jikinsa, kuma ya yi. Wasu 'yan wasan ma ba a ba su cikakken sikirif ba don gudun kada labari ya fita, Tom Holland mai fitowa a Spider-Man na cikinsu, wani lokaci har da shafukan bogi ake rabawa. A gefe kuma ga masu shiga haɗari a madadin jarumai, waɗanda ake ɗaura wa igiya a fizge su su bugi bango sau goma har darakta ya gamsu. Aikinsu yana cin rai: a Agustan 2017, lokacin da ake wannan ɗaukar, Joi Harris ta rasu a kan babur a wurin ɗaukar Deadpool 2 a Vancouver.

Hotunan da aka tara na finafinan biyu sun kusa sa'a 900. Editoci Jeffrey Ford da Matthew Schmidt suka tace su zuwa minti 149 da minti 181. Daga hannunsu aiki ke wucewa ga masu siddabarun kwamfuta, kuma a irin wannan fim su ne mafi yawan sunayen da ke hawa allo. Kowane fim yana da yanka sama da 2,000 da sai sun bi ta hannunsu, an rarraba wa kamfanoni a ƙasashe daban-daban: Digital Domain da Weta ta Niw Zilan suka raba aikin Thanos, ga Industrial Light & Magic, ga Framestore da DNEG a Landan. Wani aikinsa ƙashi da gaɓoɓin halittar, wani fata da ramukan gashi, wani ƙurar da mutum ke zama in ya ɓace, wani kuma ya zauna yana goge igiya da koren labule hoto bayan hoto, alhali hoto 24 ne a daƙiƙa ɗaya.

Waɗannan su suka fi shan wuya. Kamfanoninsu takara suke yi a kan farashi tsayayye, in darakta ya canza ra'ayi wata biyu kafin fitowar fim, ranar fitowa ba ta motsi, dare ne ke ƙaruwa. Kamfanin Rhythm & Hues ya shiga fatara a 2013 a daidai watan da aikinsa na Life of Pi ya ci kyautar Oscar. Da Spider-Man: Across the Spider-Verse ya fito a 2023, fim ɗin zane mai kyan da ba a taɓa ganin irinsa ba, mujallar Vulture ta ruwaito wasu ma'aikata suna cewa an yi ta sa su sake aikin da suka gama, kwana bakwai a mako, har kimanin mutum 100 suka bar aikin. Furodusoshin sun ce gyara a kan gyara ɗabi'ar sana'ar ce. Ko ma dai yaya ne, fim ɗin ya tsaya a tsakiyar labari, rabin da aka ce zai zo a Maris 2024 aka ɗaga shi zuwa 2027. A 2023 ɗin ne marubuta suka yi yajin aiki na kwana 148, 'yan wasa na kwana 118, ma'aikatan siddabaru na cikin gidan Marvel kuma suka kaɗa ƙuri'a baki ɗaya suka shiga ƙungiyar ƙwadago ta IATSE.

In an zo kasuwa, lissafin ba yadda jaridu ke buga shi yake ba. An ƙiyasta Endgame ya ci dala miliyan 356 wajen haɗawa, ban da kuɗin talla, wanda a irin wannan fim kan kai ɗaruruwan miliyoyi shi ma. Ya tara dala biliyan 1.2 a kwana biyar na farko, ya tsaya a kusan biliyan 2.8. Amma gidajen silima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, a ƙasar Sin ma kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke komawa ga kamfanin waje. Shi ya sa 'yan sana'ar ke cewa sai fim ya tara ninki biyu da rabi na jarinsa kafin a ce an fita. Justice League ya tara sama da dala miliyan 650 amma aka lissafa shi cikin faɗuwa. Bayan silima sai talabijin da Disney+ da kayan wasan yara da riguna da jakunkunan makaranta. Manyan 'yan wasa suna da kaso a riba: Robert Downey Jr., wanda aka ruwaito dala 500,000 aka biya shi a Iron Man na farko, mujallar Forbes ta ƙiyasta ya samu miliyan 75 a Endgame.

Mai fensir da marubucin littafi fa? A 2017 Jim Starlin ya bayyana cewa abin da DC ya biya shi kan wani ƙaramin bos da ya ɗan fito a Batman v Superman ya fi duk abin da ya samu daga Marvel kan Thanos da Gamora da Drax a haɗe. Maganar ta yi tasiri, daga baya aka gyara masa yarjejeniya, har aka ba shi 'yar fitowa a Endgame. Ed Brubaker, wanda shi da Steve Epting suka fito da Winter Soldier a 2005, ya ce kuɗin da yake samu daga 'yar fitowar da ya yi a fim ɗin 2014 ya fi abin da ya samu na ƙirƙirar jarumin. A 2021 jaridar The Guardian ta ruwaito cewa abin da Marvel ya saba yi wa irinsu shi ne cakin dala 5,000 da katin gayyata zuwa bikin buɗe fim. Ta fuskar doka kamfani bai ci haƙƙin kowa ba, an sa hannu a takarda. Amma fim ɗin da ya tara biliyoyi a kan tunanin mutum, bai kamata mutumin ya tsufa yana dogaro da ƙungiyar agaji ba, kuma akwai irin wannan ƙungiya, Hero Initiative, da ke biya wa tsofaffin masu zane kuɗin asibiti da na haya.

Marvel zai sake gwada sa'arsa. Bayan The Marvels na 2023 ya tsaya a ɗan sama da dala miliyan 200, mafi ƙarancin ciniki a tarihin jerin, kamfanin ya dawo da 'yan uwan Russo da McFeely da Downey, wannan karon a matsayin Doctor Doom, don finafinai biyu masu bin juna, Avengers: Doomsday da Avengers: Secret Wars, waɗanda aka sa wa Disambar 2026 da Disambar 2027. Na farkon a Pinewood ta Ingila aka ɗauke shi, inda kuɗin ma'aikata ya fi sauƙi kuma gwamnati ke ba da nata rangwamen. Kafintoci da maɗinkan Atlanta da suka gina Wakanda, ƙasar Black Panther, da hannunsu, yanzu wasu kamfanonin suke bi suna neman aiki.